Kwana Biyar da Na Ajiye

Lahadi, 23 ga Oktoba

Na dawo daga ƙauye da ciwon ƙugu da warin hayaƙi a gashi. Wanki, shara, cefanen mako, yanke wa Baba farce. Lahadi kenan.

Kanya ta nuna a bishiyoyi ukun bayan gida, manya-manya, kowacce ta cika tafin hannu, rassan har sun sunkuyo. Baba ya ja ni ya nuna mini su kamar baƙuwa, alhali a ƙarƙashinsu na koyi tafiya. Yau kansa garau yake. Sau ɗaya kawai ya tambayi inda Mama ta tafi, kafin in amsa ya dubi hotonta ya ce, "Af, na tuna." Shekara huɗu kenan da rasuwarta.

Da zan tafi ya biyo ni har mota. Ya ce nan da mako biyu iskar sanyi za ta sauko daga dutse, lokacin shanya kanyar ya yi. "Hisa, ki ɗauki hutu ki zo. Kwana uku ya ishe mu. Ni in fere, ke ki ɗaure, tunda har yau ba ki iya riƙe wuƙa ba."

Shekarata arba'in da tara, mata goma sha biyu ne a ƙarƙashina a kamfanin kifi, kowacce da wuƙa a hannu. Amma a wurinsa ban iya ba. Na ce masa za mu gani.

Talata, 25 ga Oktoba

Matar da ke tsara wa Baba kulawa ta kira. Ta ce akwai alamar gurbi zai samu a gidan kula da tsofaffi na Yonago a tsakiyar Afrilu, kuma likita ya ce kada mu bari ya wuce mu, don ciwon mantuwa ba ya komawa baya. Na ce to. Na ajiye wayar na tsaya ina kallon famfo yana zuba.

Ke nan wannan ne sanyinsa na ƙarshe a gidan.

Da azahar na yi tunani. Hutuna na shekara ya ƙare tun bazara, lokacin da ya faɗi ya kwanta a asibiti. Abin da ya rage shi ne kwana biyar ɗin da doka ta ba mai jinyar iyaye a kowace shekara, ban taɓa ko ɗaya ba. Shekara tana ƙarewa ƙarshen Maris, ɗaya ga Afrilu a ba ni sabbi. In na haɗa biyar na ƙarshen Maris da biyar na farkon Afrilu, goma kenan a jere. Kwana goma ni da shi a gidan, kafin a kai shi can. In dafa masa, in yi masa aski, mu kwashe kayan Mama tare, yana gane ni ina gane shi. Tun rasuwarta ban kwana biyu a jere a gidan nan ba in ba sabuwar shekara ba.

Na gaya wa Mihoko muna cin abincin rana. Shekara shida muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a layin gyaran kifi, ita ce kaɗai ke faɗa mini gaskiya ba gishiri. Ta ce dabara ce mai kyau, amma in hau sama in tambayi ofis. Na ce ta yi hankali. Saura mako biyu a buɗe kamun ƙaguwa, shugabar layi ta je tana tambayar hutu? Kafin yamma za a ce ni, Adachi, ina neman hanyar gudu. Kuma me zan tambaya? Makaranta Afrilu take farawa, hukuma Afrilu, ɗaukar sabbin ma'aikata Afrilu. Shekara goma sha takwas na yi a kicin ɗin makarantar firamare kafin in zo nan, ba wanda zai koya mini inda shekara take farawa.

Ta ce, "To, Malama mai kalanda."

Lahadi, 6 ga Nuwamba

Jiragen kamun ƙaguwa sun fita. Daga gobe ba ni ba numfashi.

Na je ƙauye na rabin yini, na gaya masa ba zan samu zuwa shanya ba. Na yi masa bayani a hankali, biyar da biyar, Maris da Afrilu. Ban ambaci Yonago ba. Ya saurara yana juya kofin shayi.

"Ana ajiye kwana?" ya ce. "A ina, a firji?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. Sai ya ce, "To, shugabar ƙaguwa, ki ajiye. Ita dai kanya ba ta san Afrilu ba." Amma goman ta yi masa daɗi. Ya maimaita ta sau uku kafin in tafi, har ya gaya wa maƙwabciyarsa Kadowaki-san ta saman shinge: Hisa za ta zo kwana goma.

A hanya na ji babu daɗi, daga baya kuma na ji na yi daidai. Fere kanya ba jinya ba ce. Ba don wannan aka yi dokar ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Ƙaguwa. Yatsuna sun kumbura, alƙalamin ma da ƙyar.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Kadowaki-san ta kira lokacin hutun rana. Ta tarar da Baba a saman tsani, mutum mai shekara tamanin da ɗaya, da kwando a wuya. Ta sauko da shi da faɗa, ta sa surukinta ya tsinke masa bishiya biyu. Tun Litinin yana zaune a ɗakin ajiya na baya yana ferewa daga safe har rana ta faɗi. Ta ce rabon da ta gan shi a natse haka tun Mama na da rai, waƙa ma yake yi. Ta kira cikakken sunana ta ce, "Hisae-chan, ko yini ɗaya ne ki zo ki gan shi."

Mihoko na gefe, ta ji komai. Ta ce in tafi gobe, za su riƙe layin. Ta ce zama da uba mai mantuwa yana aikin da hannunsa ya sani ai jinya ce, in ba ita ba mece ce. Na dubi layin. Mutum biyu na kwance da mura, kwanduna sun taru har bakin ƙofa. In na tafi, wata za ta tsaya har dare a madadina ta ce mini ba komai, ni kuma in san da komai.

Kuma in na taɓa ɗaya, goma ta koma tara.

Ban tafi ba.

Lahadi, 27 ga Nuwamba

Lahadi biyu ban je ba, aiki. Yau na je.

Tun daga tsakar gida na ji warin, tsami-tsami kamar giya. A ɗakin ajiya bokitai ne jere, cike da kanya ferarriya. Ya fere su tsaf, ba inda wuƙa ta ci nama, kowacce ya bar mata ɗan reshe a kai inda igiya za ta kama, yadda yake yi tun ina yarinya. Ko ɗaya bai rataya ba. An yi ruwa kwana da kwanaki, sun yi laushi, sun yi funfuna, na ƙasa sun zama ruwa. Matar da ke zuwa kula da shi ba ta shiga can, ba aikinta ba ne.

Igiyoyin na rataye a ƙusa, ya yanka su daidai tsayi, ya jera.

Na ce, Baba, me ya sa ba ka ɗaure ba?

Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. "Ai ke ce mai ɗauri."

Ba fushi a muryarsa. Da ya yi fushi da na fi jin sauƙi. Na kwashe bokitan na kai bayan lambu, hankaki suna jira a kan waya. A saman bokitin ƙarshe na tsinci waɗanda ya fere kwanan nan, ba su lalace ba, ba su kai goma ba. Na tafasa ruwa muka tsoma su, na ɗaure, ya riƙe mini kujera na rataya a baranda. Igiya ɗaya tak. A da barandar nan takan rufe ruf, har ɗaki ya koma ja in rana ta bugo.

Ya tsaya yana kallonta ya ce ɗaurin ya yi kyau.

Na yi kuka a mota, kaɗan. Afrilu zai gyara.

Juma'a, 9 ga Disamba

Ƙanena Masaru ya kira daga Osaka. Ba zai zo sabuwar shekara ba, jarrabawar 'yarsa. Shawara dai yana da ita buhu-buhu. Ya ce shirin kwana goman nan ya burge shi, "Yaya, ke dai akwai lissafi." Na ji daɗi, abin kunya.

Jiya ɗaya daga cikin matan layi ta ɗauki rabin yini ta kai surukarta asibiti. Yau ta zo da kwalin alewar wake, tana bin mu ɗaya bayan ɗaya tana sunkuyawa, a yi haƙuri ta ɗora mana nauyi. Na ce ba komai. Ban san me fuskata ta ce ba, don ta ƙara sunkuyawa. Na ci biyu.

Asabar, 31 ga Disamba

Ina ƙauye. An rufe kamfani har huɗu ga wata.

Kanyar ta yi kyau, ta yi duhu, farin gari ya fito mata. Kadowaki-san ta ce kullum da hantsi yakan fito ya matsa su ɗaya-ɗaya da yatsu don su yi taushi, bai taɓa mantawa ba, ko ranar da ya manta ya ci abinci. Yau na zauna na kalle shi yana yi. Babban yatsa ya danna, ya juya, ya danna. Hannun bai tsufa ba.

Da safe Hisa yake kirana. Da la'asar ina yanka albasar taliyar ƙarshen shekara ya leƙo kicin ya tambaye ni, cikin ladabi, ko daga ofishin gari aka turo ni. Na ce ni ce, Baba. Ya ce, "Na sani mana, wasa nake." Ba wasa yake ba.

Kafin magariba ya sauke igiyar da kansa, ya jera su a gwangwanin biskit ɗin Mama, ya rufe. Na ce mu ci ɗaya mana, sabuwar shekara ce. Ya ce a'a, na Afrilu ne.

Mun ci taliya, ya shanye romon tas. Na wanke kwanuka ina gaya wa kaina saura wata uku, kuma biyar ɗina na nan ban taɓa ba. Har wani alfahari na ji.

Lahadi, 22 ga Janairu

Yini guda bai gane ni ba.

Ya tarbe ni a ƙofa ya sunkuya, ya ɗauko matashin baƙi ya ajiye mini, ya ba ni haƙurin gidan ba a gyare yake ba, matarsa ta fita. Malama yake ce mini. Na yi wanki, na yi shara, yana ta godiya yana cewa bai san yadda zai saka mini ba. Na jira ko da la'asar zai dawo. Da zan tafi ya raka ni mota ya ce in gaida mutanen gida.

Likita ya ce haka abin yake, yana zuwa yana tafiya. Na tambaye shi zuwa Afrilu fa. Ya gyara gilashinsa.

Litinin, 6 ga Fabrairu

Aiki ya lafa, don haka yau na hau sama. Na wanke hannu sau biyu don warin kifi, na cire takalmin roba a ƙasan bene.

Ishibashi-san ce mai kula da sha'anin ma'aikata, ba ta fi sa'ar 'yar Masaru ta fari ba, mai kirki. Na gaya mata ina so in sanar da wuri don kada in takura kowa: biyar a makon ƙarshe na Maris, biyar a makon farko na Afrilu. Na faɗa da murya irin ta wadda ta tsara komai.

Ta duba kwamfuta, ta sake dubawa. Sai ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Adachi-san, ki yi haƙuri. A nan shekarar hutun jinya daga Janairu take zuwa Disamba."

Na ce a'a, doka ta ce Afrilu. Ta ce haka ne, doka ta ce daga ɗaya ga Afrilu zuwa ƙarshen Maris, amma fa idan kamfani bai sa nasa lokacin ba. Namu ya sa tun da daɗewa, saboda a Disamba muke rufe shekara, bayan kakar ƙaguwa ta kai ƙarshenta. Yana cikin ƙa'idojin aiki, ta ce, kuma ba ni kaɗai ce na taɓa ɗauka Afrilu ne ba, kusan duk wanda ya zo daga aikin hukuma haka yake ɗauka.

Na ce to na bara fa?

"Ba a ɗaukar su a kai gaba. Sun ƙare ranar talatin da ɗaya ga Disamba."

Duka biyar?

"Duka biyar. Yanzu kina da sabbi biyar, har ƙarshen wannan Disambar. A Afrilu ba a ƙara komai."

Na ga ta damu ƙwarai. Ta fara neman mini mafita, ta ce akwai dogon hutun jinya daban, in na sanar da wuri za a iya shirya mini shi a Afrilu, ko kwana goma ko fiye, za ta yi magana da manaja da kanta. Ta miƙo mini hankici. Ta ɗauka Afrilu nake wa hawaye.

Ni kuwa bokitai nake gani. Ranar da Kadowaki-san ta kira ta ce yana waƙa, ina da kwana biyar a hannu, nawa, ba na kowa ba. Da na ɗauki uku na je na ɗaure masa kanyarsa, ba abin da zai ragu daga Afrilu. Ko ɗaya. Na riƙe su gam har suka mutu a hannuna ina tsaye ina wanke kwanukan taliya, ina jin alfahari.

Na yi mata godiya, na ba ta haƙurin ɗaukar mata lokaci. Na sauko na sa takalmina na koma layi.

Talata, 7 ga Fabrairu

Na nemi wanda zan ji haushi. Kamfani bai ɓoye ba. Ishibashi-san ba ta yi komai ba. Mihoko ta ce in tambaya. Ko hawa benen ma bai kai minti biyu ba.

Ban gaya wa Masaru ba.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Na gaya wa Mihoko a ɗakin canza kaya. Na shirya jin "ban faɗa miki ba", ba ta faɗa ba. Ta zauna a benci da safa ɗaya a ƙafa ta ce kash.

Ta tambayi me zan yi da sabbin biyar ɗin. Na ce ai yanzu ne ma zan riƙe su da kyau, su kenan gare ni har Disamba. Ba a san me zai faru ba. Zai iya faɗuwa, zai iya kwanciya, zai iya... ban ƙarasa ba.

Ta ƙarasa mini. "Zai iya mutuwa. Faɗi mana." Ta ja safar ta sa. "Hisae, in ya mutu kamfani zai ba ki hutun rasuwa, ba sai kin roƙa ba, har fure za su aiko. Wancan na gawa ne, yana nan yana jiranki. Waɗannan na mai rai ne. Ke kuma sai adana su kike kamar kwanukan baƙi."

Na ce mata bakinta ba linzami. Ta ce shi ya sa mijinta ya kurumce da gangan.

Na ce ai yanzu ma bai san ni ba, me zan je in yi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce ni ai na san shi.

Ban yi mata magana ba har aka tashi.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse, ban je ba. Na kira, Kadowaki-san ta kara masa wayar a kunne. Ya ce na gode da kira, wa ke magana?

Lahadi mai zuwa kwana bakwai ne daga yau. Ban taɓa jin nisanta haka ba.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Da safe na sa kayan aiki, na kunna mota, na zauna. Sai na kira ofis na ce yau zan ɗauki ɗaya daga cikin hutun jinya. Na tanadi dalilai uku. Ishibashi-san ba ta tambayi ko ɗaya ba, ta ce in gaida Baba, in bi hanya a hankali. Shi ke nan. Abin har ya ba ni haushi, sauƙinsa.

Ban taɓa ganin ƙauyen ranar Laraba ba tun ina makaranta. Motar mai sayar da kifi na zagayawa da waƙarta. An share hanya, ƙanƙara ta taru a gefe har gwiwa.

Yau ma Malama ce ni. Ya ajiye mini matashin baƙi, muka zura ƙafafu a ƙarƙashin teburin ɗumi, mai bargo da abin ɗumama ƙafa. Ban yi wanki ba, ban taɓa tsintsiya ba. Ban ce ni ce Hisa ba. Na zauna kawai, na tambaye shi labarin bishiyoyin, ya ba ni tun daga kakansa da ya dasa ta farko. Wasu labaran ban taɓa ji ba. Ashe da kanya ya nemi auren Mama, igiya biyu ya kai gidansu, ubanta ya cinye bai ce komai ba sai da aka kai ta uku.

Can ya tashi ya ɗauko gwangwanin biskit. Ya buɗe, ya zaɓi ƙarama ya ɗora mini a ɗan faranti, ya rufe da sauri.

"Ki yi haƙuri, Malama, ɗaya kawai. Sauran na 'yata ne."

Na ce yana da 'ya ashe.

"Hisa. Tana aikin ƙaguwa a bakin teku, shugaba ce." Ya gyara zama. "Ba ta da lokaci, amma tana ajiye kwanaki. Za ta zo a Afrilu, kwana goma. Ita tana ajiye nata, ni ina ajiye nawa."

Na sa kanyar a baki don kada in yi magana. Ta yi tauri. Lokacinta ya wuce tun sabuwar shekara, sai da na ja da haƙori. Zaƙin dai yana nan can ciki.

Na ce masa na san Hisa, wurin aikinmu ɗaya. Ya yi murna, ya tambaya ko tana cin abinci sosai, don tun tana ƙarama in ta sa abu a gaba mantawa take da ciki. Na ce tana ci. Na ce ita ce ma ta aiko ni da saƙo.

"Me ta ce?"

"Ta ce kada ka ajiye mata. Ta ce a ci yau."

Ya dubi gwangwanin, ya dube ni. Ya ce anya, Hisa ce ta faɗi haka? Bai yi kama da maganarta ba.

Na ce ita ce. Ta ce ta yi kuskuren lissafi.

Ya yi dariya har da tari. "Hisa? Kuskuren lissafi? To lallai a ci." Ya buɗe murfin ya ajiye shi gefe. Na dafa shayi mai zafi muna tsomawa don su yi laushi, shi da haƙoransa na roba, ni da nawa. Ya ci uku, na ci sauran. Ya jera ƙwallayen a bakin faranti, ya ce ɗaurin igiyar bana ya yi kyau, 'yarsa ce ta yi.

Ya yi barcin rana a inda yake zaune. Na ja masa bargo.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Ina nan ƙauye har yanzu. Jiya da yamma na kira na ce yau ma. Hanya ce ba kyau, dutsen nan in rana ta faɗi santsi yake yi. (Motar kifi dai ta hau ta sauka lafiya.)

Mihoko ta aiko saƙo: layi bai rushe ba, kada in kuskura in kawo musu kwalin alewa, in na kawo a kaina za ta juye. Ta tambayi saura nawa. Ban amsa ba. Ba wai na daina lissafi ba ne, na san saura nawa. Kawai ban ga amfanin rubutawa ba.

Da safe ina fere tuffa a kicin ya shigo ya tsaya a bayana yana kallo. Ya daɗe. Ɓawon yana ta tsinkewa, da kauri, rabin tuffar na tafiya da shi.

"Malama, kina riƙe wuƙa kamar 'yata. Ita ma ba ta iya ba."

Na ce haka ake ce mini.

"Kawo in nuna miki."

Bai karɓi wuƙar ba. Hannunsa ya ɗora a kan nawa, babban yatsansa a kan nawa, ya ce tuffar ake juyawa, ba wuƙar ba. Muka juya tare. Ɓawon ya sauko siriri, bai tsinke ba har ƙasa. Ya ce da saura, amma in na dawo gobe za mu sake gwadawa.

Akwai tuffa huɗu a kwando. Na ce masa ina nan.